Me ya kayar da gadar Silver?

Ɗan Gulbi: Assalamu alaikum. Daga nan Maraɗi nake neman bayani a kan gadar ƙarfen nan ta Silver, wadda ta rufta cikin kogin Ohayo a Amurka. Shin nauyi ne ya yi mata yawa, ko tsufa ne?

Maƙerin Tasha: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. An gina ta a 1928, kuma an rataye ta ne da sarƙar sandunan ƙarfe, biyu-biyu a kowace gaɓa. Ranar 15 ga Disamba 1967, da yamma, motoci sun cika ta maƙil, sai sanda guda ta karye daga wata 'yar tsaga da ba ta kai milimita 3 ba, wadda take ɓoye a mahaɗar sandunan inda ido ba ya kaiwa. Da ta karye, abokiyarta ta zame, gadar ta faɗa ruwa, mutum 46 suka rasu. Allah ya kiyaye.

Tsohon Direba: Malam, nauyi ma yana da hannu, domin motocin 1967 sun fi na 1928 nauyi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ga lodin manyan motocin hanyar Ɗan Isa ya san haka.