Wanda Ya Kwashe Iyalinsa Ya Bar Gari, Rago Ne?

Kawu Na-Maru: Assalamu alaikum. Maganar da na yi jiya a majalisa, wadda ta ɓata wa wasu rai, ga ta nan na maimaita a gaban kowa, kada a ce a bayan ido na yi ta. Namijin da ya kwashe mata da ɗiya ya bar garinsu saboda ɓarayin daji, ya bar gonar ubansa da kushewar kakanninsa, ya zo Gusau yana kwana a kangon mutane, wannan ya zubar da mazantakarsa. Iyayenmu ba haka suka yi ba.

Baban Hafsat: Wa alaikumus salam, Kawu. Da girmanka, amma ban yarda ba. Mutum yana riƙe da bindigar toka, in ya harba sai ya tsaya ya sake ɗuri. Su kuma sun zo bisa babura, goyon biyu da uku, da AK-47 da mai jigida. In ya tsaya aka kashe shi, wa zai ci da marayun? In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Kawu Na-Maru: Ai Malam yana nan, ya faɗa mana. Ba hadisi ne ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa ya yi shahada ba?

Malam Liman: Hadisin ya inganta, Kawu, kuma Allah Ya karɓi shahadar waɗanda suka tsaya. Sai dai falalar wanda ya tsaya aka faɗa a cikinsa, ba a zagi wanda ya janye ba. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Musulmi 3,000 suka gamu da rundunar da ta ninka su nesa ba kusa ba. Zaidu ɗan Harisa ya yi shahada, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya bi, Abdullahi ɗan Rawaha ya bi. Khalid ɗan Walid ya karɓi tuta, ya yi dabara ya janye sauran ya dawo da su Madina da ransu. Masu tarihi sun kawo cewa wasu sun tarbe su suna watsa musu ƙasa, suna kiran su matsorata da suka gudu, Manzon Allah (SAW) ya kare su, ya ce masu komawa fagen fama ne in Allah Ya so. A nan gida ma, Shehu Usmanu ya bar Degel da jama'arsa a 1804 lokacin da Gobir ta matsa musu. Wa zai buɗe baki ya kira Shehu rago?

Baban Hafsat: Kuma Kawu, da ka ce iyayenmu ba su yi ba: a ƙarni na 18 Gobirawa sun ci Birnin Zamfara, mutanensa suka watse. Sarautar Sarkin Zamfara yau a Anka take. Da duk sun tsaya sun ƙare a bakin ganuwa, da wa zai haife mu?

Maman Khadija: Ku yi haƙuri in sa baki, don mu mata mu ne wannan gorin ke ƙarewa a kanmu. Mijin ƙanwata ya fito da su lafiya, su bakwai. Yana dako a kasuwa, yana samo musu na masara. Amma kullum ya zauna cikin maza sai an yi masa habaici, wai ya bar gero a gona ya zo birni yana ɗaukar kayan mata. Ya daina cin abinci sosai, ya daina hira, dare ya yi ya zauna a ƙofar ɗaki har asuba, kuma ba wanda zai gaya wa, tunda an ce namiji ba ya kuka. Da kaka ta yi ya ce sai ya koma ya yanko geronsa. Ƙanwata ta riƙe masa riga tana roƙo, ya ce gara mutuwa da wannan kunya. A gonar ɓarayin daji suka ɗauke shi. Gonar da aka yi masa gori a kanta, ita aka sayar aka biya kuɗin fansa, aka haɗa da awakin ƙanwata. Yanzu ga shi ya dawo, ba gona, ba lafiya. Kawu, masu gorin ko ɗaya bai kawo naira ɗaya ba.

Malam Liman: Allah Ya ba shi lafiya, Ya mayar musu da alheri. Batun kuka kuwa, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, a gaban sahabbansa.

Ɗan Tsafe: Amin. Amma ni kada a danne gaskiyar da ke cikin maganar Kawu. In kowa ya tashi, wa za a bar wa ƙasar? Kowane ƙauyen da ya zama kufai ya zama masaukinsu, daga nan su matso na gaba. Mu da ke kwana a bakin gari muna gadi, mu ma muna da mata da yara, kuma rai ɗaya gare mu. A 2022 gwamnatin jihar Zamfara da bakinta ta ce mutane su nemi izinin mallakar bindiga su kare kansu. A Janairun 2024 aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara, rundunar tsaron al'umma ta jihar. Samarin da suka shiga ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan wasu ne. Yana mana ciwo mu ga ƙato lafiyayye ya tafi ya bar mu da tsofaffi.

Maman Khadija: Allah Ya tsare ku, ƙanena, ba mai raina abin da kuke yi. Ku nemi taimakonsa, ku ce ya kawo gudummawar abinci ko kuɗin mai. Amma kada ku ce masa ba namiji ba ne.

Ɗan Ruga: Ni Bafulatani ne, kuma akwai abin da ba ku taɓo ba. Wannan kalma ta "kai ba namiji ba ne" ita ake jan yaranmu da ita zuwa daji. An sace shanun uban yaro, ko 'yan sa-kai sun kashe yayansa a kasuwa ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, sai a zo a ce masa: kana zaune kamar mace? Yaro ɗan shekara 15 ya ɗauki bindiga don kada a kira shi matsoraci. Ku ma a gari haka ake zuga naku. Kawu, kai mutumin Maru ne, ka fi ni sanin abin da ya faru a 'Yar Galadima a 2014, da aka auka wa taron 'yan sa-kai aka rasa rayuka masu yawa. Tun daga nan ramuwa ta ragu ko ƙaruwa ta yi? Mahaifina ya kora abin da ya rage na shanunmu ya bar dajin, ya hana mu ramawa, danginsa suka yi ta zaginsa. Mu biyar ya haifa maza, dukkanmu muna raye, ba wanda ya taɓa jinin kowa.

Malam Liman: Mahaifinka ya yi aiki da hadisin Bukhari da Muslim: mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Kawu Na-Maru: Na ji ku duka. Mai iyali da yawa, Allah Ya san uzurinsa. Amma saurayin da ba mata ba ɗa, ya bar tsohonsa a ƙauye ya zo yana zaman kashe wando a tasha, wannan har gobe ina nan kan bakana.

Baban Hafsat: To wannan wata magana ce daban, Kawu. Laifinsa barin tsohon ne. Ya koma ya ɗauko shi.

Ɗan Tsafe: Ya ɗauko shi, ya kai shi inda zai kwana lafiya, sannan ya dawo mu yi gadin tare. Daren jiya mu shida ne kawai a ƙofar yamma.