Tawadar haidirojel ɗina tana bajewa kamar kunu, me zan yi?

Ɗaliba_a_lab:
Slm 'yan uwa. Ina aikin masters kan buga tsokar jiki da firinta 3D, na haɗa tawadar haidirojel (abu mai kauri da ke riƙe ruwa kamar jeli) da aljinet (sinadari daga ciyawar teku) da jelatin, da ƙwayoyin halitta masu rai a ciki, amma da zarar layi na biyu ya hau kan na farko sai komai ya baje kamar kunu, ramukan da ya kamata su fito murabba'i su koma zagaye har su toshe. Na ƙara kauri nozul (bakin da tawadar ke fitowa) ya toshe, na ƙara matsi ƙwayoyin halittar suka mutu da yawa. Wlh abin ya dame ni, dan Allah a taimaka.

Tsohon_ɗalibi:
Wslm ƙanwata, zafin ɗakin nawa ne? Jelatin kamar romon ƙafar saniya yake, in ya huce ya daskare in ya ji ɗumi ya narke, a digiri 37 ruwa ne zalla, ki duba in ɗakin ya wuce 30 to da wuya layinki ya tsaya. Ki sanyaya farantin da kike bugawa a kai, kuma ki ɗan zuba kalsiyam kulorayid (sinadarin da ke sa aljinet daskarewa) kaɗan cikin aljinet ɗin tun kafin ki loda sirinji ya fara kamawa, tsoma abin da kika buga cikin ruwan kalsiyam kuma sai bayan an gama.

Malama_injiniya:
Ki tuna injin taliyar murji, abin da ake so kenan, ta yi laushi lokacin matsa ta sannan ta riƙe kanta tana fitowa. Shi ya sa masu bincike a jami'ar Chalmers ta Suwidin suka haɗa aljinet da nanoselulos (zarurrukan tsiro masu matuƙar ƙanƙanta) a 2015, ya tsaya sosai. Kar ki dogara da ido kawai, ki ɗauki hoton ramin ki auna kewayensa L da faɗin filinsa A, ki lissafa L²/16A. In ya zo kusa da 1 murabba'i ne, ƙasa da 1 bai kama ba, sama da 1 ya kama fiye da kima. Nozul ma ki bar mai lamba 27G ki koma 22G wanda ya fi faɗin baki, ƙwayoyin za su fi rayuwa. Aljinet shi kaɗai ƙwayoyin ba sa manne masa, kar ki cire jelatin ɗin.

Ɗan_bita:
In duk ya ƙi akwai salon bugawa da ake kira FRESH, ɗakin binciken Adam Feinberg a Carnegie Mellon ta Amurka ne suka fito da shi a 2015, cikin kwaɓin ɓarɓashin jelatin ake bugawa ya tallafe layin, a ɗumama zuwa 37 ya narke a ciro abin.

Ɗaliba_a_lab:
Na gode sosai yaya, na gode Malama. Na auna ɗakin yanzu 34 ne kuma AC ba ya aiki in an ɗauke wuta. Gobe da asuba zan gwada da faranti mai sanyi da 22G in sha Allah.