Rage kuɗin aikin ƙashi a asibiti: ta yaya ake gane inganci bai ragu ba?

Mai tambaya daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Za a yi wa mahaifiyata aikin sauya gwiwa, kuma an sanar da mu cewa yanzu ana sallamar majinyaci da wuri domin rage kuɗi. Hankalina bai kwanta ba. Da wane ma'auni zan gane ba a tauye ingancin aikin ba?

Ma'aikaciyar jinya a Makka:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Sallama da wuri ba aibu ba ce, domin tayar da majinyaci ya taka da sandar dogarawa washegarin aiki yana rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Ka tambaye su yawan waɗanda wurin ɗinkinsu ya ruɓe, da waɗanda aka sake kwantarwa bayan sallama, sannan ka tabbatar asibitin yana da shaidar hukumar CBAHI, wadda ke tantance ingancin asibitoci a Saudiyya.

Wani dattijo daga Madina:
A Amurka, shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ya gwada wani tsari a 2016, inda ake lissafa kuɗin aikin gwiwa ko ƙugu a dunƙule har kwana 90 bayan sallama, ta yadda asibitin da majinyatansa suka yawaita dawowa shi ne da asara. Abin da ke damuna shi ne, irin wannan tsari yana iya sa a riƙa guje wa tsofaffi masu ciwon suga. Ɗana, kada ka yarda a sallame ta sai an tsara mata gashin ƙashi, an kuma faɗa maka ko inshorarta za ta biya.