Shekara Uku a Alƙahira, Bai Ga Dala Ba

Bakanon Bu'us:
Salamu alaikum jama'a. Jiya mu shida daga Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, muka je Giza kallon dala da Abul Haul, gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki, muka bar wani Bazazzagi a ɗaki ya rungume littafi. Ga tawa nan. Wanda ta taɓa ya rama da baiti, ban da zube.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Mai kogin Nilu, Sarki Jalla.
Asabar ɗin nan ba mu da darasi,
Muka kama hanya bayan salla.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka hau,
Ya kai mu Giza ba wata wahala,
Muka cusa kai cikin 'yar bas,
Sai ga mu gaban uwar dala.

Ta Khufu ita ce babbarsu,
Dutse bisa dutse aka tula,
Mita 146 ran da aka gama ta,
Na ɗaga kai har na yar da hula.

Kai Bazazzagi, shekara uku,
Daga ɗaki sai aji kake ɓulla.
In an tambaye ka a Zariya
Me ka gano, sai dai ƙwalla.

Bazazzagi:
Na ji ka Bakano, sannu da yawo,
Matsa ni ma in samu in faɗa.
Dalar da kuka gada a gidanku
Ina take yau, ta buhun gyaɗa?

Kun bar ta ta rushe kuna kallo,
Kun zo ta Fir'auna kuna guɗa.
Dalar da nake nema ni kam
Ta aljihu ce, ita ke sa faɗa.

Abin da Baba yake aiko min
Na haya ne da littafi in an haɗa,
Kafin naira ta koma fam
Rabinta iska ta riga ta kaɗa.

Tikitin baƙo daban da na ɗan gari,
Ninki bisa ninki ake daɗa.
Nahawu baiti dubu na gabana,
Abul Haul ne zai taya ni faɗa?

'Yar Damagaram:
Gafara dai, Yaya Bazazzagi,
Hujjar kuɗin nan ba ta tsayawa.
Katin ɗalibi na aljihunka,
Rabin kuɗin ake yankewa.

Ni Iskandariyya nake karatu,
Daga tashar Ramsis ake hawa,
Kamar awa uku cikin jirgi,
Sai ka ji iskar teku na kaɗawa.

Mu 'yan Damagaram ruwan jarka
Muka tashi muna ta jira da ɗaukowa,
Ran da na fara ganin Bahar Rum
Na tsaya, baki ya ƙi rufuwa.

Ganuwar Ƙaitbai na bakin ruwa,
A 1477 aka soma ginawa,
A gurbin tsohuwar hasumiyar fitila
Da girgizar ƙasa ta gama rusawa.

Ga ɗakin karatu na 2002,
In ka shiga sai ka ƙi fitowa.
Ka zo ka ci kifi, ka koma da dare,
Nahawun na nan, ba ya guduwa.

Bafulatanin Adamawa:
Ni ma ina cikin shidan nan. Akwai abin da aka tsallake.

Bakano, ka ba da rabin labari,
Ragowar ni zan ƙarasa maka.
Wani mai raƙumi ya tare mu,
Ya ce, "Ya sadiƙi, kyauta na ba ka."

Kai kuwa da jin an ce kyauta,
Ka ɗare tozo, ka gyara zamanka.
Raƙumi ya tashi da ƙafar baya,
Ka rungume sirdi kana kiran Innarka.

Aka ɗau hoto, aka zaga kaɗan,
Ka ce, "Ya isa, durƙusar da shi in sauka."
Ya ce ai hawa ne ba a biya,
Sauka kuwa sai an buɗe jaka.

Muna ƙasa cikinmu na ciwo don dariya,
Kana sama kana ciniki da Larabcinka,
Fusha kake yi irin ta littafi,
Shi ko da Ammiyya yake amsa maka.

Jikan 'yan Kurmi, gwanin tayi,
Yau ga wanda ya fi ka.
Muka dawo Bu'us cikinmu wayam,
Kuɗin kosharinmu ya tafi a kanka.

Bakanon Bu'us:
Bafulatani, tonon asiri ko?
To kai ma zo ka sha kunya.
Mai shanu ya ga raƙumi ya miƙe,
Ya ɓuya bayan wata Baturiya.
Na biya, na sauka, na ga Abul Haul,
Bazazzagi ko sai dai a waya.

Tsohon Babarbare:
Ƙannena, duk na saurare ku,
Ku matsa wa tsohon ɗalibi wuri.
Shekara tara ina Alƙahira,
Huɗun farko ni ma a kulle, ba shiri.

Ran nan Inna ta kira ta ce min,
"Ka ga kogin da aka sa Annabi Musa jariri?"
Na yi shiru, ta kan gada nake wuce shi,
A cikin bas, ina gyangyaɗi, da sauri.

Bazazzagi, kana da gaskiya kan kuɗi,
Amma ƙafa ba ta biyan ko ɗari.
Masallacin Azhar da kake zama a cikinsa,
A 972 aka yi Juma'ar fari.

A cikinsa akwai ruwaƙin Barno,
Masaukin kakannina Barebari,
Sun keto Sahara don neman sani,
Bafulatani na bin saniya a sarari.

Mansa Musa ya sauka nan a 1324,
Zinariya ya raba tari-tari,
Har darajarta ta faɗi a kasuwa,
Kai dala ɗaya ta sa maka mari.

Ka je masallacin Ibn Ɗulun,
Na 879, mai tsohon tsari,
Matakala ta naɗe hasumiyarsa ta waje
Kamar rawani a kan mai gari.

Daga sama ga ganuwar Salahuddini,
Ga hasumiyoyi jeri-jeri.
Ka gangara kabarin Imamu Shafi'i,
Ka yi addu'a, ka dawo da wuri.

Bafulatanin Adamawa:
Malam, zancen saniyar nan na ajiye shi. Girmanka na gani yau, amma bashi ne.

Bazazzagi:
Malam, maganar Inna ta kama ni,
Tawa ma ta tambaya, ban amsa ba.
Asabar mai zuwa ina bayanka,
Da ƙafa dai, ban ce zan biya ba.

Ibn Ɗulun da Imamu Shafi'i,
Da bakin Nilu in rana ba ta faɗi ba.
Ƙanwata, sai an gama jarrabawa,
Ki ajiye min kifin, ban ƙi ba.

Giza kuwa, in dai da Bakano ne,
Ko kyauta aka ce, ban hau ba.

Bafulatanin Adamawa:
Hoton Bakano a kan tozo yana cikin wayata, har da inda hula ta karkace. Wanda ya saya min koshari babban kwano, shi zan fara tura wa.