'Yan mazan jiya: ta ina za mu fara neman haƙƙinmu?

Tsohon Kofur, Kaduna: Assalamu alaikum. Mu tsofaffin sojoji ne, tare da matan abokan aikinmu da suka rasu a bakin daga. Wasu ariyas ɗin fansho suke bi, wasu kuɗin mamaci. Masu zafin cikinmu na cewa a fita titi kawai. Me kuka gani?

Samanja mai ritaya: Wa alaikumus salam, Kofur. Titi shi ne na ƙarshe. Ku fara buɗe rajista: suna, lambar soja, muƙamin da mutum ya fita da shi, ranar shiga da ta sallama, banki, da abin da yake bi. Ku ware fansho daban, garatuti daban, kuɗin mamaci daban, don ba teburi ɗaya ke duba su ba. Takardar da ta ce "a biya mu haƙƙinmu" ba alƙaluma, a fayil take kwana.

Kafin a zargi kowa, a duba sunaye. Muhammadu a takardar sallama, Mohammed a BVN, Mamman a NIN: wannan kaɗai ya isa ya tsayar da mutum wajen tantancewa. Su kuma matan, su tanadi shaidar mutuwa da ta aure, sannan a binciki wanda mamacin ya rubuta a matsayin magaji. Da yawa sun sa sunan wa ko ƙane tun suna kurtu, suka yi aure ba su canza ba. Nan rigimar gida take farawa.

Lauya: Baba, ku rubuta wa Hukumar Fanshon Sojoji a Abuja, ku aika kwafi ga Ma'aikatar Tsaro da kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya. Lallai a buga hatimin karɓa a kwafinku, shi ne hujjarku gobe. Ku ambaci sashe na 173(3) na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce a sake duba fansho duk shekara 5, ko lokacin da aka sake duba albashi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa in an nemi bayani a wurinta. In aka yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kyauta ce, sai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Taron lumana haƙƙinku ne a sashe na 40 na kundin tsarin mulki, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2007 ba sai da izinin 'yan sanda ba. Duk da haka ku sanar da kwamishinan 'yan sanda a rubuce.

'Yar Bariki: In za a fita, ban da kaki, ban da wanda ke bakin aiki, dokar soja za ta hau kansa. Ku naɗa mutum biyu masu magana da 'yan jarida. Kuɗin mota daga ɗan siyasa kuwa, ku guje shi, da shi za a ce turo ku aka yi. Ku daidaici makon 15 ga Janairu, lokacin tunawa da mazan jiya, kunnuwa a buɗe suke. A tafi da kujeru da ruwa, masu hawan jini su riƙe maganinsu.