Muhawarar Gida: Shin Inji a Baya Yana Kare Mutum Daga Iskar Tsauni?

Auta: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tunda hoton ya riga ya zaga, gara ku ji daga bakina. Wata biyu ke nan ina koyon tashi da paramota a nan Ingila. Laima ce doguwa mai siffar fiffike, sai inji da farfela da ake goyawa a baya, mutum ya ruga 'yan taku da ƙafa ya tashi. A shimfiɗaɗɗen filin da muke koyo na tashi sau shida ni kaɗai. Niyyata in sanyi ya wuce in fara shiga tsaunukan Peak District da ke bayan Sheffield. Kuma hankalinku ya kwanta, mai inji ya fi mai laima zalla, wato mai tashi babu inji, aminci a tsauni. Shi in iska ta ƙi, ƙasa zai yi. Ni kuwa da na ga abin da ban gane ba, sai in matsa totur in yi sama in bar wurin.

Gwaggo: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Karatu aka tura ka ko shawagi? Hajiya ta sani?

Auta: Ba ta sani ba tukuna, Gwaggo. Don Allah a bari ni in gaya mata.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ni ban taɓa hawa ko jirgin sama ba, amma shekarata talatin da ɗoriya ina kwance inji ina ɗaurawa. Wane irin inji ne?

Auta: Moster 185 ne, Kawu, na kamfanin Vittorazi na Italiya. Ƙarfin doki 25. Fetur ake haɗawa da baƙin mai, yana shan kamar lita 4 a awa.

Kawu: To ai ɗan'uwan tsohuwar Yamaha ne da ƙaramin janareto, sai dai an ƙara masa ƙarfi an rage masa nauyi. Irin wannan inji na san halinsa kamar yunwar cikina. Fulogi ya yi baƙi, ya mutu. Datti ya shiga kafireto, ya mutu. Bel ya tsinke, inji na ihu farfela na tsaye. A titi sai ka gangara gefe ka kira ni. Ban ce mugun inji ba ne. Na ce duk wanda ya jingina ransa kan cewa ba zai mutu ba, bai zauna a gareji ba.

Auta: Gaskiya ne Kawu, kuma darasin farko da aka koya mana ke nan. Mutuwar inji ba faɗuwa ba ce. Laimar tana nan tana ɗauke da kai. Duk mita 1 da ka sauko kana yin gaba kamar mita 6 ko 7. In kana mita 300 a sama, kana da wajen kilomita 2 ka zaɓi wurin sauka. Da gangan ma ake kashe inji kafin a sauka.

Kawu: A filin koyonku, na yarda. A tsauni wane wurin sauka za ka zaɓa? Hotunan da ka turo bara na gani, katangun dutse ne sun yanka gonaki gunduwa-gunduwa, ga gangara, ga wayoyin wuta.

Malam na Jos: Kawu ya kama ƙafa ɗaya, bari in kama ɗayar, don ita ce ta fi damuna. Auta, a ce ma injin bai mutu ba, yana aiki lafiya lau. Maganarka duk da haka ba ta tsaya ba.

Ka tuna rafin bayan gidan Kaka da damina. Inda ruwa ya tarar da babban dutse, ta gaba yana hawa sumul, amma ta baya sai ya riƙa juyi yana tafasa, ka jefa kara ka ga ya nutse ya taso ya koma baya. Iska ruwa ce da ba a gani. In ta daki tsauni, fuskar da ta daka tana tura ta sama a natse, kuma nan ne masu laima zalla suke yini suna shawagi, irin waɗanda kake gani a tsaunin Mam Tor na Peak District. Bayan tsaunin kuwa iska tana faɗowa ne tana birgima. Laimarka ba ƙarfe ba ce, ba katako ba ce. Yadi ne da iskar da ke shiga bakinsa take cika shi ya miƙe. Iska mai birgima ta buge shi daga sama, sai rabinsa ya naɗe. A wannan lokacin injin da ke bayanka bai san an yi ba, kai yake turawa, ba laimar ba. Ka matsa totur da ƙarfi laima na cikin wannan hali, juyin farfela zai nemi ya murɗe ka, igiyoyin su sarƙe.

Sannan ka yi lissafi. Injinka da cikakken totur yana ɗaga ka kamar mita 2 a daƙiƙa, in ya yi ƙoƙari 3. Iskar da ke gangarowa bayan tsauni ranar da ake iska tana iya sauka fiye da haka. Ke nan kana matse da totur, inji na kuka, ƙasa kuma na matsowa. Gudun laimar masu koyo bai wuce kilomita 35 zuwa 40 a awa ba. A mashigi tsakanin tsauni biyu iska tana matsewa ta ƙara gudu, kamar yadda kake toshe bakin tiyo da yatsa. Iskar da ka ji tana kaɗawa a hankali a wurin tashi, a mashigin tana iya kai gudun laimarka, ka tsaya cak a sama ko ka riƙa ja da baya.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wannan: mai laima zalla dole ya koyi karanta tsauni, domin in bai karanta ba ko minti biyar ba zai yi a sama ba. Mai inji kuwa yana iya kai kansa bayan tsauni, inda wancan ba zai taɓa zuwa da son ransa ba, bai ma san ya shiga ba.

Auta: Yaya, an koya mana iskar bayan tsauni. Ba wanda zai shiga da gangan.

Malam na Jos: Na sani. Amma da ka fara magana ba ka ce "zan kauce mata" ba, cewa ka yi "zan matsa totur". Abin da mutum ya faɗa yana zaune a ɗaki, shi hannunsa zai yi ranar firgita.

Taubashi na Nkawkaw: Ku bari in sa baki, don ni a ƙarƙashin abin nake zaune. Tun 2005 ake bikin tashi da laima a nan Kwahu ta ƙasar Ghana kusan duk lokacin Ista. Daga dutsen Odweanoma da ke Atibie suke tashi, su sauka a filin ƙwallon Nkawkaw, muna zango muna kallonsu sun cika sama. Babu inji ko ɗaya. Matuƙan ƙwararru ne, yawancinsu daga ƙasashen waje, kowa ya ɗauki fasinja ɗaya a gaba. Abin da na lura shekara da shekaru, in iska ta juya ko hadari ya taso, tsayawa suke yi. Mutane sun biya kuɗi, sun hau dutse, suna ta ƙorafi, matuƙi ya zauna kan jakarsa ya ce ba yanzu ba. Don haka ni ban yarda da Gwaggo cewa abin hauka ne ba. Na ga tsofaffi sun hau sun sauko suna dariya. Amma ban yarda da kai ba ma, Auta. Abin da na ga yana tsare mutanen nan haƙurin zama ne.

Gwaggo: Ni ban ce hauka ba. Na ce Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, yana nan cikin Baƙara. Wanda ya hau mota zuwa Kaduna dole ce ta sa shi. Wannan wace dole ce?

Auta: Gwaggo, babu dole, ba zan yi muku ƙarya ba. Sha'awa ce. Shekara uku ina garin nan daga ɗaki sai ɗakin karatu, da hunturu ƙarfe huɗu duhu ya yi. Ranar da ƙafata ta fara barin ƙasa da asuba, hazo kwance cikin kwari, rana na fitowa ta bayan tudu, ban san lokacin da na fara tasbihi ba. Ban taɓa jin ƙirjina ya buɗe haka ba tun da na zo. Su Yaya ma ai sun yi sukuwar doki da Sallah, kuma mun san waɗanda doki ya kayar.

Yaya Babba: Na yi shiru ne ina karantawa. Auta, na ji wannan maganar taka ta ƙarshe, kuma ba zan raina ta ba. Amma ni a ɗakin haɗari na asibiti nake aiki, ƙashin baya da ƙugu da idon sawu na san yadda suke karyewa in mutum ya faɗo daga tsayin bene biyu kawai. Kuma ƙwarewa ba ta hanawa. Ka san Sacha Dench, wadda a 2016 ta bi tsuntsaye masu ƙaura da paramota tun daga arewacin Rasha har Ingila, kilomita 7,000. A Satumban 2021 a tsaunukan arewacin Sikotilan ta yi haɗari, abokin aikinta mai ɗaukar hoto ya rasu, ita kuma ta daɗe a asibiti.

Auta: Na sani, Yaya. Amma a yi adalci, wannan karo suka yi da juna a sama, ba iskar tsauni ba ce.

Yaya Babba: Haka ne, na karɓa. Abin da ya sa na kawo shi, dukansu biyu da inji a bayansu. Sannan ka duba inda abin ya faru. A irin wannan wuri kafin masu ceto su iso ka an ɗauki lokaci, kuma a wurinmu sa'ar farko ita ce komai.

Malam na Jos: Akwai kuma lokacin tashi. Auta, guguwar da ke tashi a fili da rana tsaka a bazara, da shaho da yake kewaya yana hawa ba ya kaɗa fiffike, duk abu ɗaya ne: rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi na tashi. Masu laima zalla ita suke nema. Masu inji gudunta suke yi, shi ya sa kuke tashi da sanyin safiya ko dab da magariba. To a tsauni ko waɗannan lokutan suna da nasu hali. Da rana iska tana hawa gangara, da yamma in ƙasa ta huce sai ta juyo tana malalowa cikin kwari. Wurin da ka tashi iska na fuskarka, ka dawo bayan awa ɗaya ka tarar tana bayanka.

Kawu: Malam, in ƙara maka. Babur ɗin da ke tashi kamar doki a Legas, ka hau da shi Jos sai ka ji ya yi sanyi, balle Mambila. Iska ta yi ƙaranci, inji ba ya samun abin shaƙa.

Malam na Jos: Gaskiya ne Kawu, mu nan muna wajen mita 1,200, tsaunin Shere ya haura 1,800. Amma wannan bai shafi Auta sosai ba, nasu tsaunukan gajeru ne. Mam Tor mita 517, Kinder Scout da ya fi kowanne a wurin 636. Sai ranar da ya ce zai je manyan tsaunukan Alps na Turai mu tayar da wannan. Gajartarsu ce ma abin tsoro a wurina, don mutum yana raina su, alhali iskar da ke zuwa daga tekun Atlantika ba ta raina kowa.

Taubashi na Nkawkaw: Hukuma fa? Lasisi ake ba ku?

Auta: A Ingila babu lasisi ga irin wanda ake tashi da ƙafa, haka Amurka. Faransa ce sai da shi. Amma dokokin sama suna kanka: kada ka kusanci mutum ko mota ko gini ƙasa da ƙafa 500, wato mita 150, sai wurin tashi da sauka. Sai ka nemi izinin mai fili. Makiyayan tumaki ba sa son ƙarar, musamman lokacin haihuwa. Makarantar da nake zuwa tana ƙarƙashin BHPA, ƙungiyar masu tashi da laima ta Birtaniya, akwai jarrabawa da inshora.

Yaya Babba: Ke nan duk wanda ya ga dama ya sayi inji ya goya? Wannan ya ƙara tayar min da hankali, bai kwantar ba.

Auta: To ku ji. Maganar totur na janye ta, Yaya Malam ya fi ni gaskiya, kuma na san malamina ma da ya ji ni da ya tsawata min. Amma ban janye cewa inji yana da amfaninsa ba. Da shi ba sai na tashi daga gefen dutse ba, ina iya tashi daga fili a ƙasa, in hau sama sosai, in kalli tsaunukan daga nesa ta ɓangaren da iska ke zuwa. In na zo sauka na ga ban daidaita ba, in sake zagayowa. Mai laima zalla ba shi da wannan.

Malam na Jos: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ga abin da nake roƙo. Shekarar nan ka tsaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kafin ka kai inji tsauni, ka je ka koyi tashi da laima zalla a tsaunin, wurin masu yinsa, har ka iya duban tudu daga mota ka faɗi inda iska ke birgima. Laimar ko-ta-kwana kuma, wadda ake jefawa in babbar ta ƙi, kada ka tashi babu ita.

Auta: Ta ko-ta-kwana tana jikin kujerar, kuma an koya min jefa ta. Zaman shekara guda a fili na ɗauka. Koyon laima zalla kuɗi ne, sai na ga abin da aikin hutu ya kawo.

Kawu: Ka turo min hoton fulogin bayan kowane tashi biyar. Daga launinsa zan gaya maka ko haɗin man ya yi daidai.

Gwaggo: Ku duk kun sauka, ni ban sauka ba. Fili ko tsauni, sama sama ce. Auta, na ba ka zuwa Juma'a ka kira Hajiya da bakinka. In an sauko daga masallaci ba ka kira ba, ni zan je gidan.

Auta: Zan kira ta Alhamis da daddare in sha Allahu, Gwaggo. Yaya Babba, don Allah ki kasance kusa da ita.

Yaya Babba: Ina da aikin dare ranar Alhamis. Ka mayar da shi Laraba bayan isha'i.