Auna Tsananin Fari a Kwarin Haɗeja

A kan tambayar yadda za a auna tsananin fari a Kwarin Haɗeja, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun zaɓi ma'aunin SPI, mai kwatanta ruwan saman da aka samu da wanda aka saba samu, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1993. Yana buƙatar bayanan ruwan sama na shekara 30 aƙalla. In ya kai -1, fari ya shigo. -2 kuwa, abin ya yi muni. A fara gwada shi da farin 1973 da na 1984, a ga ko ya kama su. A bar watannin rani, a dubi Yuni zuwa Satumba. Inda tashoshin NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, suka yi ƙaranci, a cike giɓin da CHIRPS, wato bayanan ruwan sama da ake haɗawa daga tauraron ɗan Adam da tashoshin ƙasa. Shawarar da ta fi kama hankalina: jimillar damina tana yaudara. Lissafi zai cika, alhali gero ya ƙone a mako ukun da sama ta ɗauke a Yuli.